Iccen Tut na Garkar Malam Na'iya

Tambuwal, watan Azumi

Zuwa ga ƙanena Almu, malamin dabbobi a Kebbe. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina azumi, ina aiki, ina zaman baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Bayan haka, ka tambaye ni iccen tut na garkar Baba, baƙon iccen nan mai ƙananan ɗiya masu zaƙi. Suna nan su uku da ransu, amma da ƙyar. Tun da mai gidana ya rasu na dawo gidan nan ban ga bazara irin wagga ba. Rijiyar garka ta ja baya ƙwarai. In na ɗebi guga kaɗan da sassafe sai in tarar da laka, dole in jira ta sake tarawa.

Na haƙa wa kowane icce gurbi a gindi, na rufe da ƙaiƙayi da busasshen ganye don kada rana ta shanye danshin. Tsofaffin tulunan nan da suka tsage na binne su kusa da saiwa. Ina cika su da safe, su yi ta tsattsafowa a hankali har yamma. Da rana tsaka ba a ba su ruwa, tun Baba na da rai ya hana, ya ce dafa saiwar ake yi. Na zagaye gindin da toka saboda gara. Da bakin azumi nika yin duk wannan, kuma ban kai kuka ga kowa ba. Iccen sun ma fara ɗiya, wasu sun yi ja.

Bube na Baffa Abdu ya zo mini da maganar shanunshi. Wai in bar su su sha a rijiyar garka kafin Na'Allah, mai yi mishi kiwo, ya kora su kudu wajenku. Na ce ya leƙa rijiyar. Ya leƙa. Na ce, "To, wanga ruwa garke zai sha?" Ya ce ko maruƙa kaɗai. Na ce ko maraƙi guda. Ya ce, "Mardiya, dabba na ƙishi, ke kina shayar da icce?" Na ce iccen ma rai gare shi, kuma ya san daga inda ya fito. Ya kaɗa riga ya fita ba sallama.

Kabarin Inna yana Sudan, babu mai zuwa gare shi cikinmu. Abin da muka samu daga can shi ne iccen nan. Ba ni bari su mutu don shanun kowa.

Lauwali mai jakai zai kawo maka wagga takarda tare da daddawa da kuka. Ka huta lafiya.

Yayarka, Mardiya

Kebbe, 2 ga Afrilu, 1959

Zuwa ga Yaya Mardiya. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fata kina lafiya, ke da maƙwabta. Na sami saƙo, na gode, Allah ya saka da alheri.

Shanun Bube sun iso nan tare da Na'Allah. Sun galabaita a hanya, maruƙa biyu sun mutu kafin su kai ruwa. Ni na yi musu allura da hannuna, sauran lafiyarsu ƙalau, sai rama.

Yaya, kada ranki ya ɓaci, amma da kin ba maruƙan ko kaɗan. Kin san halin Bube, ba ya mantuwa. Kuma kakanmu ɗaya da shi. Na'Allah ya ce mini Bube aka ba aikin kafa rumfar taron mulkin kai da za a yi a Tambuwal bayan salla, shi ya sa bai biyo garken ba. In kun haɗu ki yi masa jajen maruƙan. Kalma ɗaya ta isa.

Aiki ya yi yawa, ba na jin zan samu zuwa salla. Ki gaida Goggo Zahara'u ta maƙwabta.

Ƙanenki, Almu

Tambuwal, watan Shawwal

Almu. Gaisuwa. Ba ni da doguwar gaisuwa yau.

Jajen da ka ce in yi, ga abin da aka yi mini kafin in yi shi.

Na tafi Sanyinna gaisuwar mutuwa, na bar wa Goggo Zahara'u cika tuluna. Da na dawo na shigo ta ƙofar baya, sai na ga sarari inda ban saba ganin sarari ba. Na tsaya ina duba, na zaci gidan wani na faɗa. Icce biyu, Almu. An sare su daidai ƙirjin mutum. Kututturen na ta zubar da farin ruwa, ɗiyan tut birjik a ƙasa an tattake.

Goggo tana zaune gindin na ukun, ɗankwalinta a hannu. Ta ce Bube ya zo da masu gatari tun da safe. Ta yi magana, suka ture ta. Da suka gama da biyu suka nufo na uku, sai ta rungume shi ta ce su haɗa da ita. Shi ya sa ya tsira. Tsohuwar da ba danginmu ba, ita ta yi wannan.

Ko ruwa ban sha ba na nufi filin taro. Ga rumfa an lulluɓe ta da ganyen iccen Inna, shar da ita, manyan gari zaune ƙarƙashi suna fifita. Ɗiyan makaranta na waƙa da 'yan tutoci. Ga Bube da sabuwar riga shina kai da kawo, ana yaba mishi. Da ya hango ni ya taho da murmushi, ya rage murya ya ce, "Gari duka babu ɗanyen ganye sai garkarki. Ba ki ba da ruwa ba, to kin ba da inuwa."

Na juya na bar filin. Da na buɗe baki a wurin da an ce na haukace.

Kafin la'asar ganyen ya yi yaushi. Da gari ya waye awaki ke cin shi. Abin da Baba ya reno shekara ashirin da wani abu, yini ɗaya ya yi musu.

Na je wajen mai unguwa. Ya ce in yi haƙuri, ranar farin ciki ce, kuma icce ne, shina tohowa. Cikin wanga zafi? Baba ko reshe bai yarda a karya da bazara.

Yanzu ka saurare ni. Shanun Bube suna hannunka. Na taɓa jin ka ce in ka rubuta garke na da ciwo, ba shi motsawa daga inda yake sai ka ce. To ka rubuta. Ka kai su inda ruwa bai wadata ba, ka tsare su. Ina so ya san mi ake ji.

Mardiya

Kebbe, 22 ga Afrilu, 1959

Zuwa ga Yaya Mardiya, bayan gaisuwa.

Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Wallahi abin ya ƙona mini rai. Bube ya yi zalunci, kuma duk ranar da na gan shi zan faɗa masa a fuska.

Amma abin da kika nema ba zan iya ba. Shanun ba su da ciwo. In na rubuta ƙarya na ci amanar aikina, kuma makiyayan nan da kyar suka fara yarda da mu suna kawo dabbobinsu allura. Ban da haka, ba shanun suka riƙe gatari ba.

Ki kai ƙara wajen alƙali. Goggo Zahara'u shaida ce, gari duka ya ga rumfar. Zan nemi izini in zo in tsaya miki.

Ki shafe kan kututturen da yumɓu da kashin shanu, ki yi musu inuwa. Allah ya ba ki haƙuri.

Ƙanenki, Almu

Tambuwal, ƙarshen Shawwal

Zuwa ga Almu ɗan Malam Na'iya, in har yanzu ɗanshi ne. Gaisuwa.

Ba kai za ka koya mini yumɓu da kashin shanu ba. Tun ranar na shafe su, na kafa musu zana. Safe da yamma ina tsaye kansu awa mai jinya.

Alƙali zai dube su a matsayin iccen girki. Shi bai san Inna ba. Kai ma ba ka san ta ba, shi ya sa maganar ta yi maka sauƙi. To bari in gaya maka, tun da Baba bai taɓa iya gaya maka ba.

Muna dawowa daga Makka da ƙafa, a wani ƙauye bakin kogin Nilu zazzaɓi ya kama ta. Kai kana jariri, ni ina da shekara tara. Ba mu da ɗaki, gindin wani iccen tut muka shimfiɗa ta. Ɗiyan na faɗo mata kan zane, ni ina tsincewa ina matsa mata a baki, don ba ta iya haɗiyar komi. Ranar da za ta cika ta kama hannuna ta ɗora a kanka. Nan kusa da iccen aka rufe ta. Mutanen ayari suna ta kiran Baba a tafi, shi yana durƙushe shina tara ɗiyan tut cikin tsumma. Daga cikinsu uku suka fito a Tambuwal.

Daga wanga ƙauye har ƙofar gidanmu ni na goya ka. Bayana ya saɓule, ya warke, ya sake saɓulewa. Na bi bukkokin mutanen da ban jin harshensu ina nuna ka, ina nuna akuya, don a tatso maka nono. An kore ni, an sa mini karnuka, na koma. Ba a taɓa cewa ka biya ba, ban taɓa roƙonka komi ba. Ka yi makaranta, ka sami aiki, na yi guɗa.

Yau na roƙa, ka ce mini amana.

In ba ka yi, shi ke nan. Kada ka nemi izini, kada ka zo. In kuwa za ka yi, ka rantse mini da Allah ba ka buɗe su sai na ce.

Mardiya

Kebbe, 8 ga Mayu, 1959

Yaya,

Na yi. Na rubuta cewa ina zaton ciwon huhu a garken Bube. An killace su a bakin wani tafki yamma da gari, ba shiga ba fita. Tafkin ya kusa ƙafewa, ciyawar wurin kuwa an riga an cinye.

Na'Allah ya dube ni ya ce, "Malam, wace saniya ka ji tana tari?" Na ce aikin gwamnati ne.

Na rantse miki da Allah ba zan buɗe su ba sai kin ce. Ina roƙonki kada ki daɗe.

Almu

Kebbe, watan Zulƙida

Daga Bube ɗan Abdu zuwa ga ƙanena Malam Almu. Gaisuwa da girmamawa. Ni ban iya rubutu ba, limamin kasuwa ke rubuta abin da nika faɗa.

Na zo ofishinka an ce ka tafi rangadi. Na koma an ce ba ka dawo ba. Na zauna ƙofar gidanka har na ga takalmanka daga waje. To na gane.

Ni da kai mun san shanuna ba su da ciwo. Na je na gan su. Sun cinye ganyen da bakinsu ke kaiwa, yanzu ɓawon icce suke gwaguya. Ruwan tafkin ya zama kunu. Masu ciki sun fara ɓari. Jar saniyar nan da Baffanka ya bar mini ta shiga laka neman ruwa, ƙafafunta suka kafe, muka ja muka kasa, a nan muka yanka ta.

Na sare iccen. Ban musu ba. Maruƙana suka mutu a hanya saboda guga ɗaya da aka hana ni, zuciya ta ɗebe ni. In da laifi ni na yi shi. Ka sa a kama ni, ka sa a ɗaure ni, ban cewa uffan. Amma garken nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Akwai na Kulu matata, akwai na marayun ƙanena, da nonon su suke rayuwa.

Ina iya kai ƙararka wajen manyanka. Ban yi ba, don kakanmu ɗaya, kuma na san ba daga gare ka abin ya fito ba. Ka gaya mini abin da ake so in yi.

Wassalam.

Tambuwal, ƙarshen Zulƙida

Zuwa ga ƙanena Almu. Gaisuwa mai yawa, da godiya. Yau na yi barcin rana, abin da na daɗe ban yi ba.

Na ga takardar Bube da ka haɗo mini, na ga roƙonka har sau biyu. Ban ba da amsa ba don ba a gama ba. Kai ka turo shi gare ni, to ga yadda muka yi.

Ya zo ya tsaya ƙofar garka, ya cire hula. Ya rame. Ya ce, "Mardiya, na zo." Na ce na gani. Ya ce in faɗi abin da nika so. Na ɗauko tulu na ajiye gabanshi. Na ce rijiyata ba ta isar icce uku, biyu kuwa majinyata ne. Zai ɗebo ruwa daga rijiyar bakin kasuwa, a kanshi, ba jaki ba ɗan aike, safe da yamma, ya bi ta cikin kasuwa, har ranar da na ga toho.

Ya ce, "In bai toho ba fa?"

Na ce, "To shanunka su jira."

Ya dubi tulun. Ya naɗe rigarshi ya ɗauka.

Almu, da ka gani. Mutumin da aka yi wa kirari ranar taro, ga shi da gammo, ruwa na zubo mishi a wuya. Mahauta suka bar nama suna kallo. Wani ya ce, "Bube, an koma ga-ruwa?" Bai ɗaga kai ba. In ya iso ni ke nuna mishi inda zai zuba, a hankali, kada ya kwashe ƙaiƙayin. Rannan ya zo da rana ta ɗaga, na ce lokaci ya wuce, ya zubar bakin hanya ya dawo da yamma.

Kulu ta zo ta durƙusa a tsakar gida tana kuka, ta ce mu tuna tare muka yi wasan ƙasa. Ina daka ne, ban tsaya ba. Mai unguwa ya aiko wai abin ya isa. Na ce a gaya mishi ya yi haƙuri, ruwa ne, shina ƙaruwa.

Ɗaya kututturen ya mutu. Na ƙwanƙwasa shi na ji fanko, gara ta shige shi duk da tokar. Ɗayan kuwa, wata safiya na ga ɗan kore a gefenshi, bai fi ƙwayar gero ba. Na jawo zana na kāre shi, na yi shiru. Icce biyu ya sare, ɗaya ba shi dawowa, ban ga dalilin da zai huta da wuri ba. Da Goggo Zahara'u ba ta leƙa ta gani ta hau salati da ƙarfi ba, da yau ma shina ɗiba. Ta yi fushi da ni, ta daina shigowa. Za ta huce.

Bube ya ga tohon, ya ajiye tulu, ya sa hularshi, ya kama hanyar Kebbe ko gida bai biya ba.

Yanzu na ce. Ka buɗe su. Allah ya yi maka albarka, ka nuna kai ɗan Inna ne. In ka zo babbar salla zan yanka maka zakara.

Yayarka, Mardiya

Kebbe, 10 ga Yuni, 1959

Yaya Mardiya, bayan gaisuwa.

Takardarki ta iso bayan na riga na buɗe su. Na karya rantsuwar, zan yi kaffara. Amma ban karya ta da wuri ba.

Ranar da na je tafkin, ungulaye ne suka nuna mini hanya. Fiye da rabin garken ya tafi. Waɗanda suka rage sai an ɗaga su da sanda a ƙarƙashin ciki kafin su miƙe. Na'Allah yana zaune ya dafa kan wata saniya da ke shure-shure, yana kiran sunanta. Bai zage ni ba. Ya ce in riƙe masa ƙafarta.

Likitan dabbobi ya zo daga Sakkwato saboda rahoton da na rubuta. Ya buɗe gawa uku bai ga ciwon huhu ba. Ya tambaye ni, na gaya masa gaskiya, ban ambaci sunanki ba. An sallame ni daga aiki. Makiyayan da ke gaishe ni a kasuwa yanzu kau da kai suke yi.

Bube ya iso ya tarar da abin da ya rage. Bai yi mini magana ba, har yau. Na ce wa Na'Allah zan bi su kudu inda aka fara samun ruwa, in yi jinyar shanun har su murmure, in sun yarda. Ya je ya tambayi Bube. Bube bai ce i ba, bai ce a'a ba. Gobe za mu tashi.

Ba zan zo salla ba. Kada ki aiko da takarda Kebbe, na bar gidan.

Almu

Tambuwal, watan Zulhajji

Zuwa ga ƙanena Almu, duk inda yake. Gaisuwa.

Ruwa ya sauka nan, mutane sun fita shuka. Salla ta wuce, babu wanda ya shigo gidan nan.

Ban ce na yi kuskure ba, kada ka zaci haka. Da za a sake sare su da na sake.

Amma ka zo gida, ko na kwana ɗaya. Na share ɗakinka, na sa an gyara rufin. In ba ka son yi mini magana ba sai ka yi ba, ka ci tuwo kawai in gan ka.

Lauwali ya ce bai san inda zai same ka ba. Na ce ya yi ta tambaya.

Yayarka, Mardiya